Butik ɗin kayan kafinta na gefen Kasuwar Dole, ga mai neman ƙarfen durowa da aka daina yi

Wannan na masu kabad ne ko sif ko teburin da durowarsa ta cije ko ta zube, an zaga gari kowa ya ce ai ba a yin irin ƙarfen yanzu. Akwai wani ɗan butik na kayan kafinta a gefen Kasuwar Dole, babu allo babu suna a rubuce, wani dattijo ne ke zama shi da yaronsa ɗaya, kuma ni dai a duk Damagaram ban ga wanda ya kai shi sanin wannan harka ba. Yana da nasa aibin, zan faɗe shi a ƙasa, amma aikina ya biya a wurinsa.

Kabad ɗin na Innarmu ne, Allah ya jiƙanta, ta saye shi hannun wasu Turawa da suka gama aiki za su koma ƙasarsu tun muna yara a Zango. Durowa shidda gare shi, huɗu suka lalace. Manyan biyu na ƙasa irin farin ƙarfen nan ne mai 'yar taya ta roba a baki, tayar ta bushe ta tsage ta fita, in ka ja sai durowar ta dunguri ƙasa. Ƙananan biyu na sama kuma nasu daban ne, siririn ƙarfe mai 'yan ƙwallaye da ke shiga cikin wani kwari da aka sassaƙa a jikin durowar, ƙwallayen duk sun zube. Babu sunan kamfani a jiki, wata lamba ce kawai da ta kusa gogewa.

Sauran masu butik abu ɗaya suke yi, ka nuna musu tsohon ƙarfe ko kallonsa ba su yi da kyau, su zaro maka faffaɗan nan na China mai hawa uku su ce Hajiya zai shiga, duk ɗaya ne. Wlh ba ɗaya ba ne. Wani kafinta ma cewa ya yi a buga ƙusa a rufe su kawai a bar biyun da ke aiki, wani ya ce in sayar in sayi sabon yayi. Sabon yayin da muke gani a ɗakin amare, garin katako ne aka matse aka lulluɓe da takarda mai sheƙi, ruwa ya taɓa ƙafarsa sau ɗaya ya kumbura, shi zan canza da kabad ɗin da ya haura shekara talatin yana tsaye?

Abin da ya bambanta dattijon nan shi ne bai fara da ciniki ba. Na miƙa masa ƙarfen ya juya shi ya ce 'yata, ɓari ɗaya kika kawo, ina na jikin kabad ɗin, kuma ina durowar kanta? Ya ce in koma in ɗauko durowar gaba ɗaya ko da a bayan kabu-kabu ne, ya ba ni aron metir ya ce in auna masa faɗin ramin daga bango zuwa bango ta ciki, da zurfinsa har baya. Da na kawo ya auna faɗin durowar ya cire daga faɗin ramin, a nan ya yi min bayanin da ban taɓa ji a bakin kowa ba, cewa neman sunan ƙarfen ɓata lokaci ne, ratar da ke tsakanin durowa da bango ita ce ke faɗin wanda zai shiga. Faffaɗan mai ƙwallaye, mai faɗin milimeta 45, kaurinsa milimeta 12.7 ne, rabin inci ke nan, to dole durowar ta gaza ramin da milimeta 25 zuwa 26 in an haɗa gefe biyu. Farin mai tayar roba shi ma 12.5 yake ci a kowane gefe, shi ya sa ana iya cire shi a sa mai ƙwallaye a madadinsa ba tare da an taɓa katako ba. In ratar ta gaza haka ko da milimeta biyu ne zai cije, in ta fi kuma ƙarfen zai riƙa sakin juna sai an cike da siririn katako a baya.

Tsawo kuma ba yadda ka ga dama ba ne, milimeta hamsin hamsin yake tafiya, 300, 350, 400, 450, 500. Masu kawowa daga Kano da inci suke kira, 12, 14, 16, 18, 20, kada wannan ya ruɗa ka, inci 16 shi ne 400, inci 18 shi ne 450. Nawa 450 suka ci. Ya ce in kana tantama ka ɗauki wanda ya gaza, don wanda ya fi tsawo zai tokari bayan kabad durowar ta ƙi rufewa.

Manyan biyu dai ranar aka gama zancensu. Ƙananan ne suka ba da wahala, don siririn ƙarfen nan mai faɗin milimeta 17 yana ɓuya ne cikin kwarin, saboda haka ratar durowar 'yar kaɗan ce, faffaɗan ba zai taɓa shiga ba sai an farfasa durowar an rage ta, kuma ni ban yarda a taɓa ta ba. Sai ya sa yaron ya jawo wani bokiti daga ƙarƙashin kanta, cike da tsofaffin ƙarafa da ƙugiyoyi da maɓallan ƙofa da ya riƙa cirewa daga kayan da aka watsar, wasu ya ce daga kujerun ofis da teburan da ake gwanjo ya samo su. Ya zauna a tabarma yana ware su ɗaya ɗaya, ana ta zuwa sayen ƙusa yana cewa yaron ya sallame su, har ya haɗa min guda biyu masu faɗi ɗaya da tsawo ɗaya, ya wanke su da kananzir ya gwada a kwarin suka zauna daram. Wannan bokitin gaskiya ya fi duk sababbin kayan da ke rataye a butik ɗin amfani, kuma babu mai irinsa a layin.

Na durowa ta huɗu babu. Ya ce zai ba direba saƙo a dubo a Kano, Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, sati ɗaya. A nan ne raina ya ɓaci, sati ɗayan nan ya kusa zama wata, ka kira waya ba ya ɗauka, ka je ya ce direban bai dawo ba, a ƙarshe aka kawo mai faɗin 27 wanda ya fi ƙarfin kwarin. Na san ba duka laifinsa ba ne, kayan nan duk ta Kano suke zuwa mana, ko ta Matameye ko ta Magarya, kuma kowa ya ga yadda aka sha tun rufe iyakar da Najeriya ta yi a watan Agusta 2019 har ƙarshen 2020, ga kuma ta bayan juyin mulkin Yuli 2023 da sai a Maris 2024 aka buɗe, 'yan kasuwa da yawa sun rage ajiye abin da ba ya tafiya da sauri. Amma ya kamata tun farko ya ce min ba tabbas, kada ya yanka min rana. Kuɗin da na ba da kafin alƙalami dai ya mayar min cif ba gardama.

Sai ya kawo wata dabara, ya ce tunda kwarin yana nan lafiya a fere siririn katako mai tauri daidai faɗinsa a ɗaure a bangon kabad ɗin, durowar ta riƙa zamewa a kai yadda tsofaffin kafintoci suke yi kafin zuwan ƙarfe, a goga masa kyandir. Ya turo min wani kafinta daga Sabon Gari na nan Damagaram ya yi, shi ne kuma ya ɗaura sauran. Kafintan a karon farko ya ɗaura ɗaya a karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, durowar tana komawa ciki da kanta, sai da na sa ya kwance ya ja layi da fensir ya sake. Dan Allah ku tsaya a kan mai ɗaura muku, ƙarfe mai kyau in an ɗaura shi a karkace wata biyu ƙwallayen sun zube.

Wani abu da ya koya min, ramin sukurun da ya buɗe ya daina kamawa ba a sa masa babban sukuru, fasa katakon yake yi. Ana cusa tsinke ne da farin gam a bari ya kwana ya bushe sannan a ɗaura. Kuma ya hana ni zuba baƙin mai ko man girki a ƙarfen, ya ce da hunturu ya shigo ƙurar nan za ta haɗu da man ta zama laka ta cinye ƙwallayen, gara a goge da busasshen tsumma lokaci lokaci. Wanda ya san yadda ƙura ke shiga har cikin kwanon da aka rufe a watan Janairu a garin nan ba sai an yi masa dogon bayani ba. Tayar roba kuma zafinmu ne ke kashe ta, shi ya sa bai ba ni shawarar in koma irinta ba ko da yake yana da ita kuma ta fi araha.

Hannun durowa ɗaya da ya karye ma a nan na samu, minti biyu. Ya ce tsakanin ramukan biyu ake aunawa, daga tsakiya zuwa tsakiya, ba tsawon hannun ba, kuma kayan Turai da na China kusan duk a kan 32 suke ninkawa, 64, 96, 128, 160. Nawa 96 ne. In ka auna ka ga 76 to inci uku ne, awon Amurka, wannan da wuya a nan. Kuma in ka ga sunan kamfani a jikin ƙarfenka kamar Hettich na Jamus ko Blum na Ostiriya tare da lamba, ɗauki hotonsa ka ajiye, kamfanonin suna nan har yanzu, mai ɗan'uwa a waje zai iya nemo masa wanda ya maye gurbinsa da lambar.

Kuɗi, lokacin da na saya, faffaɗan iri biyu ne gare shi, mai laushi jika ɗaya da rabi (sefa 1,500 ke nan) gefe biyu, mai kauri jika uku. A ido kamar ɗaya suke, sai ka ɗauka a hannu ka ji nauyi, ka ja shi har ƙarshe ka girgiza, mai laushin yana rawa. Abin da ban ji daɗi ba, yaron mai laushin yake fara miƙowa kuma ba ya cewa akwai wani sai ka tambaya, wanda bai sani ba haka zai tafi da shi ya zuba tukwane a durowa ta lanƙwashe. Ku ce mai kauri kuke so tun daga bakin ƙofa. Tsofaffin na bokiti jika ɗaya ya karɓa, awo da bayanin duk kyauta. Ba ya ba da takardar ciniki, kuma in an riga an ɗaura sukuru a ƙarfe ba ya karɓarsa, to a gwada a hannu kafin a huda.

Wurin matsattse ne, mutum biyu sun cika shi, babu wurin zama ga mace sai bencin maƙwabcinsa. Kada ku je ranar Alhamis, ranar kasuwa ce ba za ku samu kansa ba, ga mutanen ƙauye ga amalanke a hanya. Da safe ranar Litinin ko Talata ya fi, in an kira azahar kuma ya rufe sai bayan la'asar.

Ukun da ke da ƙarfe lafiya lau suke har yau, na ƙasa ma kwanonin tangaran ne a ciki. Ta katakon ce ta ɗan cije da damina ta yi nisa a watan Agusta don katako ya sha laima, na gaya masa ya ce kada a kankare da yawa, in an kankare da rani za ta yi sako-sako, a ƙara kyandir kawai a jira iska ta bushe. Na ƙara, kuma ta saki.