Yankari: Sharhi Kan Masauki, Zagayen Daji da Ruwan Wikki

Kwana biyu na yi a sansanin Wikki da ke tsakiyar gandun dajin Yankari, na shiga zagayen kallon namun daji sau uku, kuma ra'ayina a kansa ba shi da kwana-kwana. Wurin ya cancanci kuɗin da za a kashe da nisan hanyarsa, amma ga wanda ya zo a watan da ya dace, ya kuma kwana. Yawancin masu dawowa suna cewa "ba mu ga komai ba sai birai" za ka tarar ɗayan biyu ne ya same su: ko sun je da damina, ko sun iso da rana tsaka sun juya kafin magariba. Duk biyun ana iya kauce musu tun daga gida.

Gandun yana ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauchi, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan a 2006 aka mayar wa jihar Bauchi. Na kawo girmansa ne don mai shirin zuwa ya cire tunanin gidan zu daga ransa. A nan babu keji, babu lokacin ba dabbobi abinci. Daji ne sosai, dabba tana inda ta ga dama, kai ne za ka bi sawunta.

Shi ya sa maganar lokaci ta fi kowace magana nauyi. Daga Mayu zuwa Oktoba ciyawa takan yi tsawon da za ta ɓoye ɓauna tana tsaye, kuma kowane kwari yana da ruwa, don haka dabbobin sukan warwatsu ko'ina. Wasu hanyoyin cikin dajin ma taɓo yakan hana mota bin su. Da rani ya kankama, ƙananan tafkuna suka ƙafe, sai komai ya dawo bakin kogin Gaji, wanda shi ne jijiyar dajin, domin ba ya ƙafewa. Daga ƙarshen Disamba abin yakan fara kyau, amma Fabrairu zuwa Afrilu ne ainihin lokacin gani. Sai dai kowanne da farashinsa. A Disamba da Janairu akwai sanyin hunturu mai daɗin tafiya, ga hazo da ke rage hangen nesa da kyan hoto. A Maris da Afrilu dabbobi sun fi taruwa, zafi kuma yakan kai digiri 40 da rana. In da yara ƙanana ko dattawa a tafiyar, Fabrairu na fi ba da shawara. A shekarun nan kuma a duba kalanda, saboda azumi yana faɗowa a tsakanin Fabrairu da Maris, kuma zagayen daji cikin ƙura da rana ga mai azumi ba ƙaramin aiki ba ne. Ranakun bikin salla da na Kirsimeti da sabuwar shekara sansanin yakan cika maƙil, ɗaki ya yi wuya, ruwan ɗumi na Wikki da ake wanka a ciki ya zama kamar kasuwa. Wanda yake da zaɓi ya je tsakiyar mako.

Hanya ba ta da ruɗani. Daga garin Bauchi za ka ɗauki titin Gombe, a Dindima ka karya kudu zuwa ƙauyen Mainamaji inda babbar ƙofar shiga take. Abin da ke yaudarar baƙi shi ne ganin ƙofa su ɗauka sun iso, alhali daga nan zuwa sansanin Wikki akwai sauran kimanin kilomita 40 cikin daji, babu gari, babu mai faci, babu gidan mai. Gaba ɗaya daga Bauchi kusan kilomita 110 ne, a ware masa awa biyu. Mai tasowa daga Kano yana da kusan kilomita 300 kafin Bauchi, wato zuwa da dawowa ya haura 800. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta buƙaci lita 80 da 'yan kai, ban da yawon cikin gari. A cika tanki a Bauchi, a duba safaya da jak da ruwan lagireto a can. A kuma tsara tafiyar yadda za a wuce ƙofar Mainamaji da sauran rana, kada a bi hanyar da dare, sannan kwana ɗaya ko biyu kafin tashi a kira ofishin gandun a tambayi halin da hanya take ciki. A cikin kilomita 40 ɗin nan kada a yi gudu, mazo ko gadu yakan faɗo titi ba zato, kuma sau da yawa kallon farko a nan ake yin sa.

Kuɗin wurin kashi-kashi ne: na shiga bisa kowane mutum, na ɗaki, na zagayen daji, ga abinci. Idan ka kira don kama ɗaki, ka nemi a lissafa maka kowanne daban, ka tambaya ko akwai na mota da na kyamara, don kada lissafinka ya tsaya a kuɗin ɗaki kawai. Ka riƙe tsabar kuɗi isassu. Sabis ɗin waya a tsakiyar daji ba abin dogaro ba ne, kuma tura kuɗi ta waya ko cira ta POS duk da shi suke aiki.

Masaukin ɗakuna ne a warwatse ƙarƙashin bishiyoyi, mataki-mataki, daga manya masu falo zuwa ɗakunan kwanan ɗalibai masu zuwa rukuni-rukuni. Na sami abin da nake buƙata: gado, banɗaki, da shirun da ba a samu a gari. Kamar a kowane masauki, kafin ka sauke kaya ka shiga ka buɗe famfo, ka kunna fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, ka duba ragar taga da sakatar ƙofa, ka tambayi sa'o'in da ake samun wuta. Sansani ne mai nisa da gari, saboda haka tocila da batirin ajiye caji da maganin sauro su shiga jaka tun farko. Akwai gidan abinci, amma iyali mai yawa zai fi samun sauƙi idan ya zo da kular abinci da ruwan sha, aƙalla lita uku ga kowane babba a rana lokacin zafi, da burodi da kayan shayi da abin taɓawar yara. Magungunan da wani ke sha kullum, na hawan jini ko na suga ko na asma, a zo da su har da ƙari.

Sakatar ƙofar nan da na ambata saboda gwaggon biri ne. Sun saba da mutane ƙwarai, sun san leda, sun san kula, sun san yadda ake tura ƙofar da ba a kulle ba da tagar motar da aka bari a sassauce. Ba sa jin kunyar fizge abu daga hannun yaro ko mace, kuma babban namiji yana da fiƙa da ƙarfin da ba a wasa da su. Dokar mai sauƙi ce: kada a ci abinci a fili, kada a yi yawo da leda a hannu, kada a ba su komai ko da ɓawon ayaba, domin ba su ɗin ne ya koya musu ƙwace. Idan ya riga ya ɗauka, a bar masa, kada a bi shi. Cizo ko yakushin biri kuwa a wanke shi nan take da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, sannan a nufi asibiti. Gadu ma suna kiwo a tsakar sansanin suna durƙusawa kan gwiwoyin gaba, ba ruwansu da kowa in ba a matsa musu ba, musamman mai 'ya'ya.

Zagayen daji shi ne abin da ya kawo mutum. Ana fita sau biyu, da sassafe da kuma wajen la'asar, a buɗaɗɗiyar mota tare da ma'aikacin gandun, kowace fita kamar awa biyu. Ba a shiga ba jagora, kuma daidai ne, don hanyoyin suna kama da juna. Na safe ya fi, domin dabbobin ba su riga sun shige inuwa ba, sawun dare kuma yana nan sabo a kan rairayi. Abin da kusan kowa zai gani shi ne gwambaza da mazo da gadu da birai iri-iri da zabin daji. Ɓauna da gwanki da kanki sai an ɗan dace. Kada da dorina suna wajen ruwa. Tsuntsaye kuwa sun haura iri 350, har da burtu da gaggafa, kuma wanda ya zo da madubin hangen nesa shi ne ya fi kowa cin ribar fitar.

Giwa ita ce kowa ke tambaya. Garken Yankari yana cikin mafi girma da suka rage a Najeriya, ana ƙiyasta shi tsakanin 100 da 150, amma garke ne mai yawo a daji mai faɗi, kuma shekarun farautar hauren giwa sun sa shi gudun mutane. Ganin ta a fita ɗaya sa'a ce. Wannan ne dalilin da nake nanata kwana biyu: fita uku ko huɗu ta fi fita ɗaya damar dacewa nesa ba kusa ba. Da dare ka tambayi ma'aikatan inda aka ga sabon kashi ko karyayyun rassa a ranar, su ne suka san inda garken ya dosa. Idan an dace, a kashe murya, kada kowa ya sauka ko ya miƙe yana ɗaga hannu, kuma in ta baza kunnuwa ta fuskanci mota, a bar direba ya yi abin da ya sani. Zaki yana nan amma ƙalilan ne ƙwarai, kada a yi wa yara alkawarinsa. Raƙumin dawa da jakin dawa kuma ba a Yankari ake neman su ba, suna gandun Sumu a ƙaramar hukumar Ganjuwa, inda aka ajiye waɗanda aka kawo daga Namibiya a 2006.

Abu guda da mutane ba sa shiryawa shi ne ƙudan tsando a wuraren da ke da duhuwa kusa da kogi. Cizonsa da zafi, yana ratsa yadi mara kauri, kuma baƙi da shuɗi mai duhu suna jawo shi. A sa riga mai dogon hannu, ruwan ƙasa ko ruwan toka, da wando mai kauri da takalmi rufaffe. Fari ƙal yakan sa dabba ta hango ka da wuri, ga ƙura. Hula da takunkumi ko rawani suna da amfani a bayan buɗaɗɗiyar mota.

Ruwan Wikki kuwa, ko shi kaɗai ya isa dalilin zuwa. Daga sansanin ake gangarawa ta matakala zuwa wani kwari mai inuwa, inda ruwan ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin wani dutse. Ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina, kuma yana fitar da kimanin lita miliyan 21 kullum zuwa kogin Gaji, shi ya sa ba ya tsayawa balle ya yi datti. Garau yake, kana ganin farin rairayin ƙasansa da yatsun ƙafarka. Wannan hasken ne kuma haɗarinsa, domin yana sa wuri mai zurfi ya yi kama da mara zurfi. Kusa da bakin dutsen zurfin ya kusa mita biyu, ya shanye dogon mutum, sai can ƙasa yake raguwa har yara su iya tsayawa. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya ta ƙasa, yaro kuma kada ya shiga sai da babba a cikin ruwan tare da shi, ba a bakin gaɓa yana kallon waya ba. Lokacin da ya fi daɗi shi ne da sanyin safiya a hunturu, sa'ad da ruwan ya fi iska ɗumi, da kuma bayan dawowa daga zagayen yamma an sha ƙura. Mata da iyalai masu son sutura da natsuwa su zaɓi safiyar ranar aiki, kafin motocin ɗalibai su iso, su zo da kayan shiga ruwa masu rufe jiki waɗanda ba sa shan ruwa su yi nauyi. Kada a shiga da sabulu ko a yi wanki, kuma wani ya zauna da kaya, saboda birai suna bin mutane har can.

Idan akwai sauran lokaci a rana ta biyu, a nemi jagora ya kai ku kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey sama da ɗari da aka haƙa don tara ruwa. Akwai kuma burbushin matoyar ƙarfe ta dā a cikin dajin. Waɗannan suna da nisa da sansanin, ba sa cikin zagayen da aka saba, don haka a yi maganarsu da kuɗinsu tun daren jiya. Ƙaramin gidan tarihin da ke sansanin minti 30 ya ishe shi, yana da fatu da ƙasusuwa da haure da tarkunan da aka ƙwace daga mafarauta, kuma ya fi amfani a kai yara kafin fitar farko don su san sunan abin da za su gani.

Tsarin da na ga ya fi dacewa shi ne a iso ranar farko da azahar, a yi zagayen yamma, a sauka Wikki. Rana ta biyu a fita da sassafe, a huta lokacin zafi, da yamma a sake fita ko a je kogunan Marshall. Rana ta uku a yi wankan safe a kama hanya kafin ƙarfe goma, yadda za a sami tsayawa a Bauchi a ziyarci kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, a ci masar Bauchi, kuma mai komawa Kano ko Jos ko Gombe ya isa gida da sauran haske.