Daga Buruksel zuwa Tawa: Isufu, dakata da maganar arbarakam ɗin nan

Salamu alaikum Isufu. Ina gajiya, ina fama da zafin Tawa? Ka gaishe mini da Inna, ka ce mata man shafawar gwiwa yana cikin kayan da za su taso.

Saƙonka na murya ya iso tun ran Laraba, na saurare shi cikin tiram ina komawa gida. Ka ce in sayo maka arbarakam, ƙarfen nan na cikin inji, irin na masu tsere in haɗo da motar Golf ɗin da zan aiko maka, wai wani yaro a Yamai ya gaya maka da shi mota ke zama aljana. Ban amsa nan take ba, sai da na kai maganar gaban maigidana a gareji. Ya yi dariya har da tari, sannan ya tambaye ni: turbo fa, wato abin da ke tura wa inji iska, za a canza shi? Na ce a'a. Ya ce to ɗan'uwanka kuɗi ne suka yi masa yawa.

Bari in warware maka. Arbarakam sandar ƙarfe ce mai ƙusumbi-ƙusumbi a cikin kulas, wato kan inji, ita ke danna supap, ƴan marafan silinda, su buɗe, iska ta shiga, hayaƙi ya fita. In inji ya juya sau biyu, ita sau ɗaya take juyawa. Na tsere ƙusumbinsa ya fi tsayi da faɗi, sai supap ta buɗe sosai kuma ta daɗe ba ta rufe ba. A injin da ba shi da turbo, wanda da kansa yake zuƙar iska, wannan yana da amfani in allurar da ke nuna juyin inji ta hau sama. Amma taka 1.8 T ce mai supap 20, tura mata iska ake yi. Turbon da Volkswagen ta saka mata, K03, ɗan ƙarami ne. Yana tashi da wuri, shi ya sa motar ke da daɗi cikin gari, amma kafin allura ta kai 6,000 numfashinsa ya fara ƙarewa. Arbarakam ɗin kuwa a daidai wurin yake fara aiki. Ka faɗaɗa bakin randa ne alhali mai ɗebo ruwan da ludayi yake zuwa.

Akwai ma abin da ya fi haka. Ƙaramin turbo yana tare hayaƙi a bayansa, har matsin hayaƙin ya kan fi na iskar da ake turowa. To in supap ta shiga da ta fita suka daɗe a buɗe tare, hayaƙin baya yake komowa cikin silinda, ya ƙara zafi, ya ɓata ƙonewar mai. Su kansu masu injin, da suka so doki 225 a Audi TT a madadin 150 irin naka, turbo suka girmama zuwa K04, suka sa masa entakula biyu masu sanyaya iska.

Da idona na ga wannan a watan jiya. Wani saurayi ya kawo mota irin taka, ya riga ya saka arbarakam da kansa. Muka kai ta wurin gwaji. A nan akwai wani ɗaki da ake hawar da mota kan manyan gangunan ƙarfe masu juyawa, a ɗaure ta da igiyoyi gaba da baya, a kunna wata ƙatuwar fanka a hancinta, a taka ta har ƙarshe tana tsaye wuri guda. Ƙara kamar rufin zai faɗo. Kwamfuta kuma tana zana ƙarfin injin a allo, layi ja bisa baƙin layin da aka auna kafin gyara. Jan layin nan yana ƙasa da baƙi tun daga tashi har tsakiya, sai can ƙarshe ya ɗan leƙo sama kamar kan ƙadangare. In an bar ta a ralanti kuwa, tana kunne ba a taka ta ba, sai rawar ɗari take. Yaron ya tsaya riƙe da takardar, ya kasa magana.

Kayan a nan ba wuyar samu. Akwai ma kamfanin Beljik, Cat Cams, da wannan ce sana'arsa, ga Schrick a Jamus. Ka yi oda ta intanet, kafin sati ya zagayo yana bakin ƙofarka. Inda na tambaya, guda biyun sun haura yuro 800, wato sama da jikka 500 na sefa. Ba a gama ba: sai sababbin rasor, wato sifirin na supap, sai a auna tazarar supap da pisto don kada su yi karo, sai a sake rubuta ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutar inji, ta san da sabon numfashi. Wannan na ƙarshen shi ne ba zan iya sa maka cikin kwali ba. Bature in ya sayar maka da ƙarfe, akwai wani a gefe mai na'urar daidaita shi. A Tawa wa zai yi maka? Sai dai a daidaita da kunne.

Kada ka ɗauka ina raina namu. Wallahi makanikan gida sun fi na nan hannu. A garejinmu awa guda ta aiki yuro 70 ce, shi ya sa ba wanda ke ɓata lokacin gyara abu. A cire a jefar, a sa sabo. Ranar da na kwance wani altarnater na canza masa ƴan gawayin da ke kai wuta a cikinsa kawai, abokan aikina suka kewaye ni kamar mai wasa da kura. Abin da almajirin makanike ke yi a gindin bedi ke nan. Kuma a nan ba ka da iko da motarka yadda kake tsammani: akwai kwantirol teknik da ke auna hayaƙi, in ka ƙara wa inji ƙarfi ba ka gaya wa ƴan asiransi ba, ranar hatsari za su iya juya maka baya. Tun 2018 ma Buruksel ta fara hana tsofaffin motoci yawo cikin gari, wanda hakan na cikin abin da ke ƙara cika layin Heyvaert da motocin da ake lodawa zuwa Afirka.

Sannan ka tuna inda motar za ta zauna. Watan Afrilu zafi ya haura 40, ga ƙurar hunturu, ga isansin kwalba na hanyar Kwanni da ba wanda ya san abin da ke ciki. Inji mai turbo ba abin da ya tsana kamar iska mai zafi da mai maras kyau.

Don haka ga abin da na yanke, a matsayina na yayanka kuma mai biyan kuɗin jirgi. Zan canza mata kurwa, wato bel ɗin da ke juya arbarakam, da famfon ruwa kafin ta bar nan, domin in kurwar nan ta tsinke pisto ne zai daki supap, inji ya tashi aiki. Zan wanke entakula, in duba tiyo-tiyon iska, su ne ke tsagewa in sun tsufa. Cikin but za ka tarar da bobin huɗu, buji, filtar iska guda shida da galan biyu na man inji mai kyau. Ka riƙa yin bidanji, wato juyen mai, da wuri, kada ka jira ya koma kwalta. Ƙwaƙwalwar kuma zan bar ta yadda take.

Motar ta tashar ruwan Lome, a Togo, za ta biyo, ka san matsalar da aka samu a iyakar Benin da Nijar, don haka kada ka fara kirana bayan sati uku. In ka samu mai tahowa, ka aiko mini da cuku da kilishi, mai yaji.