Sharhi kan shirya darasin lissafi da PowerPoint da ɗora shi a YouTube

Zango biyu ke nan ina shirya wa ɗalibaina na ajin ƙarshe na sakandare darussan lissafi ta bidiyo, domin su riƙa bita a gida kafin jarrabawar WAEC da NECO, kuma kayan aikina ba su wuce tsohuwar kwamfutar cinya, da manhajar PowerPoint, da shafin YouTube ba.

Abin da ya fi gamsar da ni a PowerPoint shi ne yadda malami zai naɗi muryarsa a kan kowane shafi daban, yana rubutu da alƙalamin da ke cikin manhajar kamar yana gaban allo, sannan ya mayar da aikin gaba ɗaya bidiyo ba tare da neman wata manhaja ba. Idan na yi tuntuɓen harshe a shafi na bakwai, ko babur ya wuce da ƙara, wannan shafin kaɗai nake sake naɗa. Wanda ba shi da halin biyan kuɗin lasisi yana iya ɗaukar LibreOffice, wadda kyauta ce tun fitowarta a 2010, sai dai zai haɗa da manhajar ɗaukar fuskar kwamfuta irin su OBS Studio kafin ya samu bidiyo mai murya.

Ɗora bidiyon bai ba ni wahala ba. Sabon asusu ba ya karɓar abin da ya wuce minti 15 sai an tabbatar da shi da lambar waya, amma ban ma buƙaci hakan ba, domin na lura darasin da ya haura minti goma ba kasafai yara ke kai ƙarshensa ba. Na zaɓi tsarin da sai wanda aka tura wa adireshin bidiyon ne zai gan shi, ina kuma tura adireshin a zauren WhatsApp na iyaye, tunda yawancin yaran da wayar iyaye ko ta yayyensu suke kallo.

Inda na fi ƙaruwa shi ne batun girman rubutu. Darussana na farko na cika su da ƙananan lambobi da jadawali, waɗanda suka fito tangaram a kwamfutata, har sai da wata ɗaliba ta ce mini: "Malam, muna jin muryarka sarai, amma ba ma bambance uku da takwas." Ashe saboda tsadar data suna rage ingancin hoton zuwa 240p, wasu har 144p, a kan ƙaramar fuskar waya. Daga nan na sake fasalin komai: baƙin rubutu mai kauri a kan farin shafi, girman harafi kada ya gaza 36, layi huɗu kacal a shafi, kuma duk lambar da na rubuta sai na furta ta da baki, da Turanci sannan da Hausa. A ganina wannan gyara ya fi sayen makirfo mai tsada amfani nesa ba kusa ba.

Abu ɗaya da bidiyo ya kasa yi mini shi ne nuna fuskar yaron da bai gane ba, wadda a aji da kallo ɗaya nake gano ta. Saboda haka kowane darasi yana ƙarewa da tambayoyi uku da za a amsa a littafi, ni kuma in shigar da makin a Excel ranar Litinin, inda nan take nake ganin wane babi ne ya kayar da mafi yawan ajin. A wannan zangon lissafin kusurwoyi ne, kuma shi zan sake naɗa a hutun nan, kashi uku gajeru maimakon guda ɗaya mai tsawo.