Bayan an daina tramol ko kodin, wace hanya za a zaɓa don kar a koma?

Zafin fitar ƙwaya daga jiki kusan mako guda ne. Komawa ruwa kuwa a watannin farko ta fi yawa, kuma nan ne iyali ke zuba kuɗi a inda bai dace ba.

In ana da halin zaɓe, a fara da tsarin tukuici. Ana gwada fitsari sau biyu ko uku a mako har tsawon mako 12, saboda kodin ba ya wuce kwana biyu zuwa uku ana ganinsa a fitsari. Duk ranar da gwaji ya fito fes, a ba wanda ya daina ƙwayar lada nan take, kamar katin waya ko kayan sana'a, kada a ba shi tsabar kuɗi a hannu. Ladan yana ƙaruwa da kowane gwaji mai tsabta a jere. Ranar da aka ga ƙwaya, lada ya koma matakin farko, ba duka ba gori. Abu biyu ke ɓata tsarin: jinkirta lada zuwa ƙarshen wata, da sayen abin gwajin da bai dace ba. Gwajin da ke kama kodin da hodar heroin sau da yawa ba ya ganin tramol, sai an nemi mai alamar TRA. Raunin tsarin tukuici shi ne tasirin kan ragu bayan an daina lada, don haka a haɗa shi da CBT.

CBT zama ne da masanin halayyar ɗan Adam, kamar awa guda a mako, sau 12 zuwa 16. Ana zaƙulo abin da ke tayar da sha'awar ƙwaya, majalisa ce, ranar albashi ce, ko gajiyar aikin ƙarfi, a koyi abin yi kafin sha'awar ta lafa. Hirar ƙarfafa niyya, wato tattaunawa da ƙwararre don mutum ya ƙudurta dainawa, ta mai ɗari-ɗari ce kawai. Taron Narcotics Anonymous, ƙungiyar masu daina ƙwaya da ke taimakon juna, kyauta ne, in akwai shi kusa.

Ga wanda ya yi nisa, duk waɗannan ba sa maye gurbin methadone ko buprenorphine daga likita, magungunan da ke rage sha'awar ƙwaya.

A yi hattara da gidajen mari da ake wa fenti ana kiransu cibiyar gyaran hali. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun kuɓutar da mutum ɗaruruwa daga wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Wanda ya yi alkawarin warkewa cikin kwana 40, ko ya hana ganin mara lafiya, ko ya kasa faɗin sunan likitansa, a riƙe kuɗi. Mutumin da aka kulle watanni jikinsa ya manta da ƙwaya; ya fito ya sha adadin da ya saba, numfashi na iya tsayawa. A tambayi kowace cibiya, har asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri, me suka tanada na bayan sallama, kuma sau nawa a wata.