Kafin ka sayi sef, tambayi wa kuma zai iya buɗe shi

Ƙanena yana da shagon POS a wajen Ƙofar Ƙaura. Bara ya manta lambar sef ɗinsa mai madannai, wato akwatin ƙarfen ajiyar kuɗi, sai ya kira wanda ya sayar masa. Mutumin ya zo ya danna lambobi shida, ko minti ɗaya ba a yi ba ƙofa ta buɗe. Ƙanena sai zuba godiya yake, ni kuwa gabana ne ya faɗi. Ashe wata takwas kuɗin jama'a na kwana a akwatin da wani ke riƙe da lambarsa, kuma ranar ciniki ko da wasa bai ambata ba.

Iri uku za ka fi gani a kasuwa. Mai makulli ya fi araha, ba ruwansa da batir. Abin dubawa kawai, 'yan makulli nawa aka yi masa, kuma duka aka miƙo maka? Mai yankan makulli ba ya tambayar na wane ne.

Mai juyi, wanda ake murɗawa a saita lambobi, yana da cin rai, musamman da magariba kana sauri ka rufe shago, amma ni shi na fi natsuwa da shi. Sai dai ka sa a canza lambar da ya zo da ita daga kamfani, kana tsaye.

Mai madannai shi ne daɗin aiki, kuma nan matsalar take. Da yawansu suna da babbar lamba ta kamfani bayan taka, ƙananan masu arha kuma akwai ramin makullin gaggawa a ɓoye bayan wani ɗan murfi. Har manyan kamfanoni haka suke. A 2023 kamfanin Liberty Safe na Amurka ya ba hukumar FBI lambar buɗe sef ɗin wani mutum da aka je binciken gidansa a Arkansas. Masu saye suka yi ca, don da yawa ba su san kamfanin na ajiye irin wannan lamba ba. Daga baya ne ya yarda duk mai so a goge tasa. A 2024 kuma Sanata Ron Wyden na Amurka ya rubuta wasiƙa kan irin wannan lamba a makullan kamfanin SecuRam da na Sargent and Greenleaf, yana neman a gargaɗi jama'a.

Ban ce lambar ba ta da amfani ba. Maigida ya rasu, takardun fili da gwal ɗin iyali na ciki, ita za ta hana a fasa akwatin. Ɓoye ta ga mai saye ne ban yarda da shi ba.

Don haka kafin ka biya, ka ce: "Alhaji, ban da ni wa zai iya buɗe shi? Babbar lambar tana canzuwa?" In ya fara kame-kame, ka leƙa shagon gaba. Ƙanena dai ya koma mai juyi, tsohon kuma yanzu rasit yake zubawa a ciki.