Wasiƙa daga Jamus Zuwa ga Maigida: Famfon Giris Mai Aiki da Iska

Assalamu alaikum, Maigida. Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan ku da iyali da yaran gareji kuna cikin ƙoshin lafiya, ina so in amsa tambayar da kuka aiko mini game da famfon giris mai aiki da iska, wanda ake amfani da shi a ma'aikatar gyaran manyan motoci da katafiloli inda nake aiki a nan Jamus, da kuma ko ya dace a saye shi don garejinmu na Kaduna.

Yadda yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Ana haɗa shi da tiyon kwamfaresa, wanda ke ba shi iska mai ƙarfin “bar” (ma'aunin ƙarfin matsi) 6 zuwa 8, sai fistin da ke cikinsa ya ninka wannan ƙarfi sau 40 ko 50, ta yadda giris ke fita da ƙarfin da ya kai bar 300 ko fiye, alhali tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce bar biyu da rabi ba. Da wannan ƙarfin ne yake ture busasshen giris da dattin da suka toshe fil-fil na hannun katafila, aikin da yaro zai yi gumi a kansa da famfon hannu. Akwai irin da ke fitar da giris sau ɗaya a kowace dannawa, akwai kuma wanda ba ya tsayawa sai an saki kunamarsa, kuma na farkon ne nake ganin ya fi dacewa da mai koyo.

Sai dai abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda giris ɗin kansa ke isowa hannun makanike. Yana zuwa ne a cikin gwangwanin roba mai gram 400, a rufe ruf, ana cire murfin a zura shi cikin famfon ba tare da yatsa ya taɓa shi ba, kuma a jikinsa an rubuta irinsa da kaurinsa, wanda galibi lamba 2 ce a ma'aunin kaurin giris da ake kira NLGI. A wajenmu kuwa, kun fi ni sanin yadda ake ɗibar giris daga buɗaɗɗen bokiti a ƙulle a leda, a ajiye shi a ƙasa a tsakiyar hunturu, ƙura tana sauka a kansa, sannan a cusa shi cikin boris (zoben ƙarfe mai ƙwallaye da ke sa sandar inji ko taya juyawa sumul) da hannun da ya gama taɓa yashi. Giris mai yashi cin ƙarfe yake yi, kuma ina da yaƙinin cewa da yawa daga cikin boris ɗin tifa da na injin niƙa da muke ɗora wa laifin rashin inganci, ƙurar ce ta kashe su tun kafin lokacinsu. Haka kuma a nan ba a gauraya giris iri biyu sai an tabbatar suna jituwa, domin wasu idan suka haɗu sukan tsinke su zube, wasu kuma su daskare.

Batun awo ma makanikan nan Jamus sun riƙe shi da muhimmanci. Ƙa'idar da ake koya wa mai koyo ita ce ya ninka faɗin boris na waje da kaurinsa a milimita, sannan ya ninka da 0.005, abin da ya fito shi ne gram ɗin da za a ƙara. Boris mai lamba 6308, alal misali, faɗinsa 90 ne, kaurinsa 23, don haka abin da yake buƙata bai wuce kusan gram 10 ba. Na ga wani ƙwararren ma'aikaci ya danna famfon sau goma a kan ƙaramin sikeli don ya san nauyin abin da kowace dannawa ke fitarwa, sannan ya rubuta adadin a jikin famfon da alƙalami. Dalilinsa shi ne idan giris ya yi yawa a boris ɗin injin lantarki, zafi yake haifarwa, kuma ƙarfin famfon yakan fasa robar da ke tare ƙura, giris ya malala cikin wayoyin injin. Irin su fil ɗin katafila ne ake ɗura wa har sabon giris ya leƙo ta gefe, kuma ko shi ma sai an goge bakin nipul, wato 'yar kafar da ake ɗura giris ta cikinta, da tsumma tukuna.

Haɗarinsa ba abin wasa ba ne, kuma ina roƙonku ku ja kunnen yara a kai. Idan tiyo ya huje ko bakin famfon ya goce, giris na iya shiga ƙarƙashin fata ta wata kafa da ba ta fi ta allura ba, kuma ko da wurin bai yi zafi nan take ba, dole ne a garzaya asibiti don a yi tiyata, in ba haka ba ana iya rasa yatsa.

Ta fuskar hidima, a nan idan an yi odar kayan gyara yau, galibi washegari sun iso, tare da takardar bayani da garanti. Amma ladan ma'aikaci yana da tsada ƙwarai, shi ya sa idan ƙaramin famfo ya lalace sau da yawa sabo ake saya, alhali a Panteka za a kwance shi, a yanka masa sabuwar roba, a sassaƙa masa baki, ya koma aiki a yinin. A wannan fannin mutanenmu sun yi musu fintinkau.

Shawarata ita ce famfon ya dace da garejinmu saboda yawan tifa da tirelar da ke shigowa, muddin za a riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a tankin kwamfaresa kullum, musamman da damina, a kuma ajiye famfon hannu saboda ranar da babu wuta da kuma boris ɗin da ke son awo daidai. Kafin in sayo, ku sa a duba mini ko ana samun giris na gwangwani a Kaduna a kai a kai, domin idan ba a samu, gara in nemo irin da ake kafawa a kan rufaffen bokiti mai kilo 20, wanda ke zuƙo giris kai tsaye ba tare da an buɗe murfinsa ba.