Kanta mai ƙananan durowoyi: katako ko filawud, ƙarfen L ko ƙugiyar katako?

Hajiya, kin ce kina son kanta a bangon shagon ɗinki, mai ƙananan durowoyi na zare, maɓallai, allura da zif. Kafinta ya ce ki zaɓa tsakanin katako zalla da filawud, amma bai ce komai ba a kan yadda zai kafa ta. To, wannan da ya yi shiru a kai shi ne babba, amma mu fara da katakon.

Katako zalla ya fi kyau a ido, musamman maɗaci, kuma yana riƙe sukuru sosai. Matsalarsa yanayinmu. Yawancin katakon da ake saukewa a 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano da sauran kasuwanni daga kudu yake zuwa, wani da sauran danshinsa. Idan aka yi aiki da shi bai gama bushewa ba, da hunturu ya kama sai ya tsuke, wani lokaci ya tsage ko ya murɗe, damina ta zo ya kumbura. A kantar da babu durowa ba za ki damu ba. Amma ƙaramar durowa ratar da ke tsakaninta da gidanta ba ta wuce milimita 1 ko 2 ba, don haka wadda take shiga salin-alin a watan Janairu sai ta cije a watan Agusta, kina ja tana ƙi ga mai kaya a tsaye. Farin katako mai laushi, irin obece, ya fi arha da sauƙin aiki, sai dai gara da ƙwaro na son sa.

Filawud kuwa siraran falle ne aka manna, kowane ya gitta na ƙasansa, shi ya sa ba ya motsi da sauyin yanayi kamar katako zalla. Ana sayar da shi ƙafa 4 a ƙafa 8, falle ɗaya ya ishi jikin kantarki har da saura. Mai kaurin milimita 18 na jikin kanta, mai 12 na gefen durowa, mai 6 na gindinta. Aibinsa bakinsa ba kyau sai an rufe, kuma akwai na banza mai rami a ciki, a duba gefensa kafin a biya. Idan kafinta ya kawo miki maganar MDF, wato allon da ake yi da garin katako da gam, don yana da sumul, ki tuna yana da nauyi, bakinsa ba ya riƙe sukuru, kuma in ruwa ya taɓa shi ya kumbura shi ke nan.

Ni dai zan ce a yi jiki da durowoyin da filawud, fuskar durowoyin kawai a sa katako mai kyau. Zurfin kantar kada ya wuce inci 8, domin duk yadda ta ƙara fitowa haka take ƙara jan bango. Wurin da durowa ke zamewa a goga masa kyandir, ƙananan durowoyi ba sa buƙatar layin ƙarfe.

Yanzu kafawa. Kantar littattafai yawancin nauyinta ƙasa yake yi. Mai durowa kuwa kullum janta ake yi waje, ana turawa. Wannan jan shi ke sassauta ƙusar kankare a hankali har filasta ta fara zuba, don haka kada ki yarda da ƙusa ko da kafinta ya rantse. A huda bango da inji, a sa robar da ake kira fisha, a ɗaure da sukuru.

Ƙarfe mai siffar L yana da arha, ko'ina ana samu, kowane kafinta ya iya sa shi. Amma yawancin jan yana kan sukurorin sama, kuma wurin ramukan ƙarfen ne ke tilasta inda za a huda. Bulonmu na inci 6 da inci 9 rami ne a cikinsa, fatarsa ba kauri, wani ma yashi ya fi siminti yawa. In huda ta faɗa wuri mai rauni, ba yadda za a yi.

Ƙugiyar katako ita ce a ɗauki doguwar faffaɗar katako a tsaga ta a tsawonta a karkace, kusurwar digiri 45. Rabi a ɗaure a bango, bakinsa na kallon sama, rabi a bayan kanta, bakinsa na kallon ƙasa, sai a ɗora kantar ta zauna a ciki. Nauyi ya bazu a tsawon katakon, kuma ana iya sa sukuru 4 ko 5 a duk inda bulo ya fi ƙwari. Ba a ganin komai daga gaba. In shagon haya ne, ranar tashi ɗaga ta kawai za a yi. Sai dai tana son kafinta mai hannu, tsagar ta miƙe, a kuma sa ɗan katako mai kauri ɗaya da ƙugiyar a ƙasan bayan kantar don kada ta rinƙa rawa. Ga mai durowa, wannan na fi so.

Ko wanne aka zaɓa, kada a huda daidai saman soket ko makunnin wuta ko ƙasansu, ta nan waya ke bi. In kuma bangon na ƙasa ne aka shafe da siminti, fisha ba za ta kama ba, gara a yi wa kantar ƙafafu ta tsaya a ƙasa, a ɗan ɗaure samanta don kada yaro ya jawo ta.